Babi na Tara: Zane da Ajiyar Tarihi, Daga Rijiyar Kusugu Zuwa Ƙasar Habasha

9.0 Gabatarwa

A duk lokacin da ake maganar hanyoyin da Bahaushe ke adana tarihinsa, hankali ya fi karkata ga abin da kunne ke ji, kamar waƙoƙin fada da kirari da tarihihi, sai kuma girgam, wato rubutaccen jerin sunayen sarakuna. Ba kasafai ake tsayawa a kan abin da ido ke gani ba, alhali yaro a aji yakan manta da bayanin malami amma hoton da ke cikin littafi ya zauna masa daram. Wannan babi zai dubi zane a matsayin hanyar ajiye tarihi da bayyana asali. An ɗauki Daura misali saboda matsayinta a tarihin kafuwar ƙasashen Hausa, an kuma kawo ƙasar Habasha saboda ta daɗe tana zana irin labarin da Daura ke bayarwa da baki. Abin da ake son ɗalibi ya fahimta shi ne, mai zane ba ya iya ɗauko labari gaba ɗayansa. Tilas ya zaɓi wani wuri ya bar wani, kuma abin da ya bari shi ake fara mantawa.

9.1 Kalmar Zane

A rubuce kalmar zane ɗaya ce, amma a furuci biyu ce. Akwai zane na ɗaurawa, mai gajeren wasali a gaɓar farko da karin sautin sama-ƙasa, jam'insa zannuwa. Akwai kuma zane wanda ya fito daga aikatau zana, mai dogon wasali a gaɓar farko da karin ƙasa-sama, jam'insa zane-zane. Na biyun ne ake magana a kai a nan.

Asalin ma'anar wannan kalma shi ne jan layi a kan wani abu, ko ƙasa ko ƙwarya ko fata. Shi ya sa tsagar da wanzami ke yi a fuska ma ake kiran ta zane, kuma da ita mutanen da ke gane garin mutum da zuriyarsa kafin ya buɗe baki. Ke nan tun farko Bahaushe ya haɗa zane da asali. Sauran kalmomin da ke wannan fage yawancinsu na aro ne: hoto da fenti daga Ingilishi, sura da zayyana daga Larabci. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai nazarin harshe hanyoyi biyu da baƙin dabarun zane suka biyo suka shigo ƙasar Hausa.

9.2 Bango da Allo

Kafin zuwan takardar zane da fentin gwangwani, babban allon Bahaushe shi ne bangon gidansa. Magini yakan ɗora tubali, ya yi yaɓe, sannan ya fitar da zane tun ƙasar tana ɗanya, ko ta hanyar dannawa da yatsu ko ta hanyar tayar da ƙasar ta yi tudu. Akan kare bangon da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Fuskar zaure da cikin soraye su suka fi samun wannan ado, kuma a birni irin Daura, kamar Kano da Katsina da Zariya, zauren mutum ne ke fara faɗa wa baƙo matsayin mai gida.

Siffofin da aka fi yi su ne dagi da da'ira da layuka masu sarƙe juna, sai kayayyaki irin takobi da allo. Ba a cika zana mutum ko dabba ba, saboda abin da malamai suka faɗa game da yin surar abu mai rai. Amma kuskure ne a ɗauka cewa bangon da ba mutum a jikinsa ba ya ba da labari. A tsakiyar ƙarni na 20 magina a Zariya da Kano sun riƙa sanya keke da agogo da jirgin sama a fuskar gidajen attajirai, kuma A. H. M. Kirk-Greene ya yi ɗan littafi a kan irin waɗannan gidaje na Zariya a 1963. Wanda ya ga keke a bangon zaure ya ga shaidar zamanin da mallakar keke ke nuna arziki. Abin takaici shi ne siminti da kwano suna ta cinye waɗannan gidaje, kuma idan aka rushe zaure ɗaya ba a cika samun wanda ya ɗauki hotonsa ba.

Ɗaya fagen shi ne allon zayyana da ake yi wa wanda ya sauke Alƙur'ani, inda ake haɗa rubutu da launuka a cikin tsari mai kyau. Za a sake komawa kan wannan a gaba.

9.3 Labarin Kusugu da Zaɓin Mai Zane

Labarin Bayajidda sananne ne, amma yana da kyau a jero gaɓoɓinsa domin a ga yawansu. Ana cewa ya fito daga Bagadaza ya sauka Barno, ya auri 'yar sarki, daga baya ya gudu da ita. Ya bar ta a Garun Gabas, kusa da Haɗeja, inda ta haifi Biram. Ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa, ta ce masa ba a ɗiba a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a saboda macijin da ke ciki, wanda ake kira Sarki. Ya je ya kashe macijin ya yanke kansa. Da gari ya waye Sarauniya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi aikin, shi kuwa ya nemi aurenta. Ta ba shi kuyanga, Bagwariya, wadda ta haifi Karɓagari. Ita kuma ta haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida ne ake cewa sun kafa sarautun Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, idan aka haɗa da Biram suka zama Hausa Bakwai.

Masana ba su daidaita a kan wannan labari ba. W. K. R. Hallam a 1966 ya danganta Bayajidda da Abu Yazid, wanda ya yi tawaye a Arewacin Afirka aka kashe shi a 947. Abdullahi Smith kuwa a 1970 ya nuna cewa kafuwar birane da sarautu a ƙasar Hausa abu ne da ya ɗauki dogon lokaci, wanda zuwan baƙo ɗaya ba zai iya bayyana shi ba. Su kansu sunayen da ke cikin labarin suna da kamar an gina su ne domin su faɗi wani abu: ana fassara Bayajidda da wanda ba ya jin harshen a da, Karɓagari kuma da wanda ya karɓe gari.

To, a ce an ba mutum takarda ɗaya aka ce ya zana wannan labari. Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne jarumi da takobi da maciji ya fasa kai a bakin rijiya. Dalili a fili yake, nan ne wurin da motsi yake. Sai dai a lura da abin da wannan hoto ya bari a waje. Ya bar maƙeran Gaya, waɗanda kasancewarsu a labarin ke nuna cewa baƙon ya tarar da mutane masu sarrafa ƙarfe. Ya bar Ayana, wadda ita ce ta san dokar rijiyar. Mafi girma duka, ya bar Daurama da sarauniyoyin da girgam ya lissafa kafin ta, tun daga Kufuru, waɗanda ake cewa sun yi mulki a Tsohon Birni kafin a dawo inda Daura take yanzu. Yaron da ya tashi da hoton jarumi da maciji kaɗai zai ɗauka tarihin Daura ya fara ne a daren da baƙo ya iso, alhali shi kansa labarin ya ce baƙon ya tarar da gari da sarauta da doka. Sarautar Magajiya da ta wanzu a Daura ma wata shaida ce ta wancan tsari, amma ba ta da takobi da za ta ja idon mai zane.

9.4 Yadda Habasha ta Zana Nata Labarin

Ɗalibi ya san Habasha a matsayin ƙasar Najjashi, inda sahabbai suka yi hijirar farko. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne tana da labarin asalin sarauta mai kama da na Daura. A wata ruwayar gargajiya ta can, wani ƙaton maciji mai suna Arwe ya addabi mutane har wani mutum ya kashe shi aka naɗa shi sarki, 'yarsa Makeda ta gaje shi. Ita ce suke ɗauka a matsayin sarauniyar Saba, wadda Musulmi suka sani da Bilkisu. Littafinsu mai suna Kebra Nagast, wanda aka tattara a ƙarni na 14, ya ce ta ziyarci Annabi Sulaiman ta haifa masa Menelik na Farko, kakan sarakunan Habasha. Wannan ruwayarsu ce, kuma ta sha bamban da abin da ya zo a littattafan Musulunci. Amma muhimmancinta a siyasarsu ya kai har tsarin mulkin ƙasar na 1955 ya rubuta cewa Sarki Haile Selassie ya fito daga wannan zuriya. Ga maciji, ga sarauniya, ga ɗa wanda ubansa baƙo ne ya zama tushen sarakuna. Kada ɗalibi ya yi gaggawar cewa ɗaya labarin daga ɗaya ya fito. Irin wannan zubi yana nan a wurare da yawa na duniya.

Bambancin shi ne Habasha ta zana nata. Cocinta ya daɗe da al'adar zane a littattafan fata da bangon ɗakunan ibada, kamar cocin Debre Birhan Selassie da ke Gondar, wanda rufinsa cike yake da fuskokin mala'iku. A ƙarni na 20 masu zanen gargajiya a Adis Ababa suka riƙa zana labarin Makeda a kan ƙyalle ɗaya da aka rarraba gida-gida, kowane gida da gaɓarsa, tun daga maciji har zuwa naɗin Menelik. Wannan dabara ta rage matsalar da aka ambata a sama, domin kashe maciji gida kaɗan ya ci, sauran gidajen kuwa na sarauniya ne.

Haka kuma sun yawaita zana yaƙin Adwa na ranar 1 ga Maris 1896, inda rundunar Sarki Menelik na Biyu ta karya ta Italiya. A waɗannan zane-zane akwai wata tsohuwar ƙa'ida da aka gada daga coci: mutumin kirki akan nuna fuskarsa gaba ɗaya da idanu biyu, abokin gaba kuwa akan nuna gefen fuskarsa da ido ɗaya. Don haka mai kallo ba ya bukatar a faɗa masa wa ke da gaskiya, mai zane ya riga ya yanke hukunci da yawan idanu. A sama akan sa waliyyinsu Giyorgis a kan farin doki yana taimakon rundunar, a gefe kuma Sarauniya Taytu, matar Menelik, tare da nata mayaƙan. Zane ne mai daɗin kallo, amma shaida ce ta yadda wanda ya ci yaƙi ke son a tuna da shi.

9.5 Masu Zanen Zamani

A 1958 Alle Felege Selam ya kafa makarantar koyon zane a Adis Ababa, wadda yanzu take ɗauke da sunansa. A wannan shekara ce kuma wasu ɗaliban Kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Tambayar da ke gaban ɓangarorin biyu ɗaya ce: yaya mutum zai ɗauki dabarar Turawa ba tare da ya zubar da abin da ya gada ba? Okeke ya amsa ta hanyar komawa ga zanen uli na matan Ibo.

A Habasha amsoshin sun bambanta. Afewerk Tekle (1932 zuwa 2012) ya yi manyan tagogi na gilasai masu launi a Zauren Afirka da ke Adis Ababa, masu nuna wahalar da nahiyar ta sha da fafutikarta da burinta. Aikinsa na fada ne, mai ɗaukaka ƙasa da sarauta. Skunder Boghossian (1937 zuwa 2003), wanda ya yi karatu a Landan da Faris, ya ɗauko siffofin dogayen layun fata da malaman gargajiyar ƙasarsa ke rubuta wa marasa lafiya ya mayar da su jigon zanensa. Wosene Worke Kosrof, wanda aka haifa a 1950, ya ɗauki haruffan Amharik yana miƙar da su yana lanƙwasa su har su tashi daga abin karantawa su koma abin kallo. Tadesse Mesfin kuwa, wanda aka haifa a 1953, ya shahara da zanen matan kasuwa, dogaye, tsaye da kayansu, mutanen da tsohon zanen coci da na fada ba su cika ba su wuri ba.

Akwai kuma lokacin da hukuma ta karɓe alƙalamin. Bayan sojoji sun tumɓuke Haile Selassie a 1974, gwamnatin Derg, wadda ta kai 1991, ta bukaci a riƙa zana manoma da ma'aikata da nasarar juyin juya hali. Gebre Kristos Desta, ɗaya daga cikin manyan malaman makarantar Adis Ababa, ya bar ƙasar ya rasu a Amurka a 1981.

Darasin Skunder da Wosene shi ya fi kusa da Bahaushe. Sun nuna cewa ana iya taɓo tarihi da asali ba tare da an zana fuskar kowa ba. Mai zane daga Daura ko Mai'aduwa ko Sandamu da ke jin nauyin yin surar mutum yana da haruffan ajami, yana da tsarin allon zayyana, yana da dagin maginin garinsu da aikin allurar da ke gaban babbar riga. Kayan aikin suna nan, ƙarancin masu ɗaukarsu da muhimmanci ne matsalar.

9.6 Shekara Ɗari da Ba a Cika Zanawa Ba

Idan labarin Kusugu ya cika ido, akwai wani ɓangare na tarihin Daura da ya fi shi tabbas amma ya fi shi ƙarancin ambato. A wajen 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka ci Daura, Sarki Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyarsa suka ci gaba da riƙe sarauta a Zango da Ɓaure, suna zaune a tsakanin Daurar Fulani da ƙarfin Damagaram. Haka ƙasar ta zauna a rarrabe kusan shekara ɗari, har 1906 lokacin da Turawan Ingila suka dawo da Malam Musa daga gidan Zango ya zama Sarkin Daura. Daga shi sai Abdurrahman (1911 zuwa 1966), sai Muhammadu Bashar (1966 zuwa 2007), sai Umar Faruk Umar da aka naɗa a 2007. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata kuma ta bar wani yanki na tsohuwar ƙasar Daura a cikin Nijar. M. G. Smith ya yi cikakken nazari a kan wannan zamani a littafinsa na 1978.

Wannan tarihi yana da wuyar zanawa, domin babu maciji a cikinsa. Duk ɓangarorin Musulmi ne, kuma jikokinsu suna zaune tare, wataƙila ma a kan benci ɗaya a aji. Wanda zai bi ƙa'idar zanen Adwa a nan sai ya rasa wanda zai ba ido ɗaya. Shi ya sa ya fi sauƙi a koma ga jarumi da rijiya, labarin da kowa ke da rabo a cikinsa. Hawan Sallar Gani, da dawakinsa da lifidi da algaita, shi ma yana ba mai zane launi mai yawa ba tare da ya taɓa wani tsohon miki ba. Babu laifi a zana hawa. Laifin yana zuwa ne idan malami ya bar yaran Zango da Ɓaure suka gama makaranta ba su san dalilin da ya sa garuruwansu ke da matsayi na musamman a masarautar ba.

9.7 A Cikin Aji

Malamin Hausa ba malamin zane ba ne, amma zai tarar da hotuna a littafin karatu, kuma shi zai fassara su. Kafin ya ɗaga hoto ya nuna wa yara, ya kamata ya tambayi kansa wane ne ya zana shi, don wa, wa aka sa a tsakiya, wa aka tura gefe, wa kuma aka cire. Ya kuma kiyaye harshensa. Labarin Bayajidda abin girmamawa ne a Daura, rijiyar Kusugu tana nan ana ziyartar ta, don haka nazari ba ya nufin izgili. Abin da ake so shi ne yaro ya iya bambance abin da ruwaya ta faɗa da abin da masu bincike suka tabbatar, ya riƙe kowanne a matsayinsa.

Ga aikin da ɗalibi zai iya gwadawa a lokacin koyarwar gwaji. Ya ba da labarin Kusugu da baki, sannan ya ce kowane yaro ya zana shi a takarda ɗaya ba tare da an faɗa masa wurin da zai zaɓa ba. Ya tara takardun ya ƙirga nawa ne suka zana maciji, nawa suka zana Daurama, nawa suka tuna da Ayana ko maƙera. Kashegari ya raba babbar takarda gida goma sha biyu irin na zanen Makeda, ya raba yaran rukuni-rukuni, kowane rukuni da gidansa, tare da sharaɗin cewa maciji ba zai wuce gida biyu ba, kuma gida na farko ya nuna Daura kafin baƙo ya iso. Yaron da iyayensa ba su son ya zana mutum sai a ba shi damar ya wakilci gaɓarsa da alama, kamar guga ko takalmi ko uwar maƙera, ko ya rubuta sunan sarauniya da ajami ya ƙawata shi. A ƙarƙashin kowane gida yara su rubuta jimla ɗaya da daidaitacciyar Hausa, malami ya duba ƙa'idojin rubutu, musamman haruffa masu ƙugiya a kalmomi irin Karɓagari da maƙera da Ɓaure.